Aikin jin ƙai a Sersouf: amana kafin takarda

Ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya shiga unguwar Sersouf ta Tamanrasset da littafin rajista a hannu ya rufe wa kansa ƙofa. Baƙi da yawa a garin 'yan Nijar ne, cikinsu har da matan Kance da Matamaye da 'ya'yansu masu zuwa bara, kuma sun san dokar Aljeriya ta 2008 ta sa zama ba takarda ya zama laifi. Sun kuma san yadda ake kwashe mutane a manyan motoci zuwa In Gezzam, a sauke su a rairayi su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. Wanda ke ɗauke da wannan fargaba, ko zazzaɓi ya kwantar da ɗansa, gara ya nemi jiƙo da ya je asibiti. Don haka a fara ta hannun mai masaukinsu da limamin da suke bi salla, da tafinta mai jin Hausa, mace in mata za a gani. A raka mai ciki awo, a tsaya mata har jariri ya samu takardar haihuwa.

Wasu za su ce wannan ɗaure wa bara gindi ne. Amma mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013, galibinsu mata da yara, sun san haɗarin kafin su taso. Hana baƙi magani ba ya tsayar da tafiya. Wadda ta yarda da kai ce kaɗai za ta saurari zancen komawa gida ta hannun hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM.