Yadda Lemo Ya Ceci Matuƙa Jiragen Ruwa

A zamanin da, kafin a ƙera jirgi mai inji, matuƙa sukan yi wata da watanni a bisa teku ba su ga tudu ba. Guzurinsu busasshen biskit ne da nama wanda aka cika wa gishiri don kada ya ruɓe. Babu ɗanyen ganye, babu 'ya'yan itace.

Idan tafiya ta kai kamar wata biyu ko uku, sai wani mugun ciwo ya fāɗa musu, wanda Turawa ke kira sikabi. Da fari mutum zai ji kasala. Daga nan dasashinsa ya kumbura ya riƙa zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, har tsohon rauni da ya daɗe da warkewa ya sake buɗewa. Dubban ƙarfafan maza sun halaka ta haka.

A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwa na Ingila, James Lind, mutumin Sikotilan, yana aiki cikin jirgin da ake kira Salisbury. Ya ware majinyata goma sha biyu, ya raba su biyu-biyu, ya ba su abinci iri ɗaya, amma kowane kashi da nasa magani. Waɗansu ya ba su ruwan khal, waɗansu ruwan teku. Mutum biyu kuwa aka riƙa ba kowannensu lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum. Bayan kwana shida lemon ya ƙare, amma ɗayansu ya riga ya koma bakin aikinsa, ɗayan kuma ya sami ƙarfin yin jinyar sauran.

Lind ya buga labarin gwajin nan a 1753. Abin takaici, sai a 1795 hukumar sojan ruwa ta fara raba wa matuƙa ruwan lemon tsami. Ciwon kuwa ya kusa ɓacewa daga jiragenta.

Lind bai san sirrin lemo ba. Sai a 1932 masana suka gane abin da ke cikinsa, watau bitamin C. Jikin ɗan Adam ba ya iya yinsa da kansa, sai ta hanyar abinci. Akwai shi da yawa cikin gwaba da gwanda da 'ya'yan kuka da ɗanyen tumatir. Amma ba ya jure wuta: ganyen da aka bari ya daɗe yana tafasa a tukunya yakan rasa kaso mai yawa nasa.