Yadda Ake Dasa Mangwaro Mai Aure A Gefen Garka

Ya kai manomin kaɗa, in ka sayi ɗan mangwaro ko lemo ko gwaiba a leda, to ka sani rabin aikinsa tun rani ake gama shi. Lokacin dashe shi ne lokacin da ruwa ya zauna, ƙarshen watan Yuni zuwa Yuli. Amma a sa'an nan kana fama da shukar kaɗa da noman fari da ragi. Wanda bai haƙa rami tun watan Afrilu ko Mayu ba, da gaggawa zai tona da hauya ya cusa itacen. Irin wannan itace ba ya kai kaka.

Ramin ya zama faɗinsa santimita 60, zurfinsa ma 60, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ƙasar sama ka tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Ka gauraya ta saman da taki ruɓaɓɓe bokiti biyu, ka mayar da ita cikin rami. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, kuma yana kiran gara. Takin zamani na kaɗa ma kada ka zuba shi a ramin. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar mita 10, lemo mita 7, gwaiba 6. Yau ka ga filin ya yi yawa, amma nan da shekara goma inuwar za ta rufe maka kayan miya.

Ana gobe dashe, ka ba shi ruwa a ledarsa, don ƙasar ta kama saiwa. Da la'asar ake dasawa. Ka yanke gindin leda da wuƙa mai kaifi. In ka ga saiwa ta naɗe a gindi kamar gammo, yanke ta. Sa'an nan ka tsaga ledar daga gefe, ka zare ta, kada ƙasar ta warwatse.

To, ga inda mutane suka fi kuskure. Ƙasar leda da ƙasar garka su zo daidai, kada ka zurfafa. Wurin auren, inda ka ga ɗan kumburi a jikin itace, ya tsaya sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya. Bara na tarad da wani dattijo ya binne nasa guda biyar har wuya, wai don iska kada ta kayar. Na ce, "Baba, sanda ake kafa wa iska." Kafin a tsinci kaɗa uku sun ruɓe. Haka kuma duk reshen da ya tsiro ƙasa da wurin aure, cire shi. Na uwar gindi ne, in ka bar shi ɗan ƙaramin mangwaro mai zare za ka ci.

Ka taka ƙasar a hankali, ka yi mata da'ira, ka zuba ruwa bokiti biyu. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara. Ka kewaye da ƙaya ran nan, akuya ba ta jiran gobe.

Ranar feshin maganin ciyawa ka duba inda iska ta nufa, kuma kada ka wanke famfo kusa da itacen. Rani biyu na farko ka riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako. Furen da ya yi kafin shekara ta uku, tsinke shi, don itacen ya yi ƙarfi tukuna.