Gidan Da Ke Kewaya Duniya

Can sama, nisan kamar kilomita 400 daga ƙasa, akwai wani gida wanda ba shi da harsashi, ba ya kuma tsayawa wuri ɗaya. Ana ce da shi Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Tsawon tashar nan ya kai na filin ƙwallo. Takan kewaye duniya cikin minti 90, don haka mazaunanta ke ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya.

A da, Amurka da Tarayyar Sobiyet tsere suke yi, kowace tana so ta riga 'yar'uwarta. A 1961 Yuri Gagarin na Sobiyet ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya cikin kumbo. A 1969 Amurkawa suka sauka a wata. Sai a 1975 kumbunan ƙasashen biyu suka haɗu a sama, mutanensu suka yi musafaha.

Ba rokar da za ta iya ɗaga tashar gaba ɗaya, saboda haka ɗaki-ɗaki aka riƙa harba ta, ana haɗawa can sama. Rasha ta harba ɗakin farko a 1998. Amurka da Japan da ƙasashen Turai suka kawo nasu. Kanada ta ƙera dogon hannun ƙarfe mai ɗaukar kaya. Tun Nuwamba 2000 ba a taɓa rasa mutane ciki ba.

Zaman tashar da ban mamaki yake. Kome aka saki sai ya yi ta shawagi. Mai jin barci yakan shiga jaka wadda aka ɗaure jikin bango. Kowa yakan motsa jiki kamar awa biyu kullum, don kada ƙasusuwansa su yi rauni. Ruwa kuwa ba a wasa da shi: har gumi da fitsari akan tace a sha. Aikinsu shi ne binciken jikin mutum da tsire-tsire da magunguna.

A nan ba mai iya zama shi kaɗai. Ɓangaren Amurka ke samar da yawancin wutar lantarki daga hasken rana. Injunan Rasha kuwa sun daɗe suna tura tashar sama in ta fara yin ƙasa. Daga 2011 zuwa 2020 kumbon Rasha kaɗai ke kai Amurkawa can. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Don me aka gina tashar ɗaki-ɗaki?
2. Me Kanada ta ƙera?
3. Yaya Amurka da Rasha ke taimakon juna a tashar?