Yadda Ake Tsara Sauya Katin Girafik na Kwamfuta da Tanadin Gaba

A unguwannin kudancin Kaduna irin su Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, akwai masu tace bidiyon biki, da masu zana fosta da kalanda, da ɗaliban zanen gine-gine na reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, waɗanda aikinsu ya rataya a kan katin girafik, wato ɓangaren kwamfutar tebur da ke sarrafa hoto da bidiyo kafin su bayyana a allo. Da yake katin yana dogara ne ga wuta da iska da sauran kayan da ke kewaye da shi, wajibi ne a tsara sayensa yadda abin da aka kashe yau zai ɗauki katin da za a saya nan gaba.

1. Tantance aiki. Abu na farko shi ne duba ma'adanar katin, wadda yake ajiye hotunan da yake aiki a kansu, domin a manne take, ba a ƙara ta daga baya. RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2021, yana da samfuri mai gigabait 12 kuma yana cin wat 170, alhali RTX 4060 na 2023 yana da gigabait 8 amma ya fi sauri, kuma wat 115 kawai yake ci. Mai aiki da manhajar Blender ko DaVinci Resolve zai fi cin moriyar babbar ma'adana, shi kuwa mai CorelDRAW ba ya buƙatar kati mai tsada.

2. Auna akwati da rami. Ana cusa katin ne a dogon ramin babban allon kwamfuta da ake kira PCIe x16, kuma sabon kati yana aiki a tsohon rami, sai dai saurinsa kan ɗan ragu. Matsalar rashin fili ta fi yawa a siraran kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda gajeren kati kaɗai suke ɗauka. Saboda haka a sa tef a auna daga bangon baya zuwa fankar gaba, a kwatanta da tsawo da kaurin katin, sannan idan za a sayi akwati a zaɓi mai sauran fili.

3. Lissafa wutar ciki. Na'urar rarraba wuta, wadda masu gyara ke kira fawa, ita ce ginshiƙin tanadin gaba. Ramin PCIe yana ba da wat 75, waya mai haƙora 6 tana ƙara 75, mai haƙora 8 kuwa 150, yayin da sabuwar mai haƙora 16 take kaiwa 600. Nvidia ya ba da shawarar fawa mai wat 550 ga RTX 3060, don haka mai hangen babban kati ya nemi ta wat 750 mai shaidar 80 Plus, wadda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa ga kayan aiki. A nan araha ba ta ado, domin fawa marar inganci idan ta ƙone takan tafi da katin.

4. Lissafa wutar bango. Tunda wutar Kaduna Electric tana ɗaukewa, kuma shaguna da yawa suna komawa kan janareta ko sola, dole a sa na'urar UPS, mai riƙe wuta na ɗan lokaci, cikin kasafi. Ƙaramar da aka rubuta wa 650 VA yawanci ba ta ba da wat 400, don haka ba za ta ɗauki babban kati da allo ba lokacin da aiki ya yi nauyi. Ga mai inbata, bambancin wat 55 da ke tsakanin RTX 3060 da RTX 4060 yana zama wat-awa 440 a aikin awa 8, wanda nauyi ne na gaske a kan batir.

5. Daidaita sauran kaya. Kati mai ƙarfi a kan tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zai riƙa zaman jira ne. Idan sauya babban allo ya zama dole, a lura cewa mazaunin furosesa AM4 na kamfanin AMD ya fito a 2016, AM5 kuma a 2022, kuma AM5 ram nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa, wanda ba ya shiga ramin DDR4. Ya fi dacewa a zaɓi babban allo mai ramukan ram 4, a cika 2, a bar 2 domin ƙari.

6. Gwaji da ɗaurawa. Kati na hannu, ko a Kaduna aka same shi ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja aka turo shi, ba a biyan kuɗinsa sai manhajar GPU-Z ta tabbatar da sunansa da ma'adanarsa, sannan a matsa masa da manhajar FurMark na kimanin minti 20, ana kallon zafinsa, ana sauraron fankarsa, ana duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su fito a allo. Wajen ɗaurawa, a zare filogi, a taɓa ƙarfen akwati domin sauke lantarkin da ke taruwa a jiki musamman lokacin hunturu, a danna katin har ƙugiyar ramin ta kama, a ɗaure noti, a haɗa wayar wuta har ta zauna daram, sannan a mayar da wayar allo jikin katin. Bayan an sa direba, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows, a riƙa hure ƙurar hunturu daga fanka kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo.

Wanda kuɗinsa bai isa komai a lokaci ɗaya ba, ya fara da fawa mai inganci da akwati mai fili da UPS, ya haƙura da matsakaicin kati, domin kati ana sauya shi cikin 'yan shekaru, fawa da akwati kuwa suna iya ɗaukar kati biyu ko uku a jere.