FILIN MANOMA: A Yi Wa Magarya Aure

Ran kasuwar Sabon Birni da ta wuce wani saurayi ya tare ni, ya nuna mini hoton wani ɗan itace a wayarsa. Tsawon itacen bai wuce ƙugun mutum ba, 'ya'yansa shuɗɗa, kamar ɗinya amma ba su kai ta girma ba. Ya ce ya karanta cewa itacen nan ba ya jin sanyi ko kaɗan, shi kuwa yana neman abin da zai dasa a bayan gida wanda hunturu ba zai kashe ba. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya nemi jaridar wannan mako.

Sunan itacen bulubari, asalinsa Amurka ta Arewa. Gaskiya ne akwai irinsa mai jure sanyi ƙwarai, kamar wanda ake kira Northblue, wanda Jami'ar Minesota ta fitar. Ƙanƙara takan binne shi watanni, ya kuma tashi lafiya lau. Abin da ba a gaya wa saurayin nan ba shi ne, wannan iri in babu sanyin ba ya haihuwa. Sai ya sami kamar awa 800 zuwa 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin ya yi furen kirki. Ɗarin nan namu na watan Janairu kuwa, wanda ke sa mu kwana gaban wuta, da wuya ya sauko ƙasa da digiri 10. Har wa yau yana son ƙasa mai tsami ƙwarai, saiwarsa kuma a sama-sama take, ba ta jure ƙishirwa. Ranar watan Afrilu ta mako guda a Isa ta ishe shi.

Amma akwai abin koyo cikin labarinsa. Har farkon ƙarni na 20 itacen daji ne, kowa ya tsinka ya wuce. Wani malamin tsirrai na gwamnatin Amurka, Frederick Coville, ya gano irin ƙasar da yake so, ya buga bayanin a 1910. Wata 'yar manomi, Elizabeth White, ta karanta, ta haɗa kai da shi a 1911. Ta riƙa ba mutanen karkara lada su shiga daji su nuna mata gindin da ya fi manyan 'ya'ya, aka riƙa zaɓe ana haɗawa. A 1916 suka kai amfanin farko kasuwa.

To, mu ma muna da namu itacen dajin mai taurin rai, watau magarya. Wahalar ƙasarmu ƙishirwa ce da zafi da bakin akuya, magarya kuwa ta san su duka. Tana fitowa a jigawa, tana fitowa a faƙo inda gero ya ƙi, saiwarta na nutsewa ƙasa da nisa ta nemo laima. Kowa ya san amfaninta: yara na cin 'ya'yan, mata na daka busassun, awaki na cin ganye, ƙayar kuma ta yi shinge. Aibinta ɗaya ne, 'ya'yan ƙanana, ƙwallo ya fi nama yawa.

Wannan aibi mutanen Indiya sun daɗe da gyara shi. Magaryarsu da tamu jinsi ɗaya ne, amma sun zaɓi masu manyan 'ya'ya har suka sami iri masu suna, kamar Gola da Seb da Umran. Ɗan Gola yakan kai lemun tsami girma, ana cinsa ɗanye, yana da ruwa da garɗi, da sinadarin bitamin C mai yawa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi ta yaɗa irin nan a Nijar tun shekarun 2000, Nijarawa na kiransa tuffar Sahel. A ganina Gola ce ta fi dacewa da mu, don tana nuna da wuri, kafin laimar damina ta ƙare a ƙasa. Umran tana jinkiri, sai mai lambu a fadamar Rima ko ta Bunsuru wanda ke da ruwan ba ta.

Kada wani ya ci Gola ya shuka ƙwallonta yana jiran Gola. Ba tabbas abin da zai fito ya yi kama da uwar. Sai an yi aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

Hanya mafi sauƙi ita ce a aurar da magaryar da ta riga ta kafu, a gona ko a bayan gida. Ta riga ta yi saiwa mai zurfi, ba ta neman ban ruwa. Cikin bazara, watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da ta kaɗe ganye, a yanke ta da zarto daidai gwiwa. Ba za a daɗe ba za ta yi toho mai yawa. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, miƙaƙƙu, a cire sauran. In ruwa ya zauna, tohon ya kai kaurin fensir, ɓawonsa na saluɓewa da sauƙi, lokacin aure ya yi.

A samo sabon reshe daga itacen Gola, shi ma mai kaurin fensir. A yanke ganyayen, a bar ɗan guntun ƙafar kowane ganye. A naɗe reshen cikin jiƙaƙƙen buhu, kada ya wuce kwana biyu ko uku ba a yi aiki da shi ba. A gindin kowane ganye akwai ido, daga nan sabon reshe ke fitowa. Da reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta a fere ido ɗaya tare da ɗan ɓawonsa, tsawon inci guda. A jikin tohon magaryarmu, kamar taƙi ɗaya daga inda ya fito, a tsaga ɓawo a gicciye, sa'an nan a tsaga a tsaye daga tsakiyar tsagar farko zuwa ƙasa. A buɗe leɓunan a hankali, a zura idon yana duban sama yadda yake a jikin uwarsa, a ɗaure da zaren leda tamau, amma a bar idon kansa a buɗe. Da sassafe ko da la'asar ake wannan aiki, kuma kada yatsa ya taɓa wurin da aka fere. Bayan mako biyu a duba. In idon na nan kore, aure ya kama, sai a datse tohon daga sama da shi kaɗan don ƙarfin itacen ya koma can. In ya yi baƙi a sake a wani wuri, ba a yi hasarar kome ba sai ido ɗaya.

Wanda ba shi da magarya kusa sai ya fara da ƙwallon ta daji. A fasa shi a hankali a fitar da ƙwayar ciki, don ita kan tsiro cikin mako guda ko fiye kaɗan, ƙwallon da ba a fasa ba kuwa sai ya kai wata. A haƙa rami ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, tsakanin rami da rami ƙafa 20. Na fi son a shuka a ramin sosai da a rena cikin leda, don leda na murɗe babbar saiwa. In wurin faƙo ne a yi masa kunya mai siffar rabin wata daga gangare, ta tare masa ruwan sama. Baɗi a yi aure.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Shekarar da na fito makarantar aikin gona na aurar da gindi huɗu a gonar kawuna, uku suka kama. Murna ta sa na bar su, ban koma ba sai bayan kaka. Na tarar biyu sun koma magaryar daji sarai, don tohon da ya fito daga ƙasa da wurin auren ya fi na Gola ƙarfi, ya shanye abinci, na Gola ya bushe. Kawu ya yi mini dariya har ya gaji. Saboda haka duk mako a duba, duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi tun yana ɗanye. A kafa wa sabon reshen sanda don iska, a kuma kewaye shi da ƙaya. Akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin shekara kafin a idar da sallar azahar.

Abu na biyu shi ne aski. Magarya a jikin sabon reshe na bana take fure, tsohon reshe ba ya ba da kome sai ƙaya da inuwa. Don haka kowace bazara, bayan ta kaɗe ganye, a bar manyan rassa uku ko huɗu, a datse waɗanda suka haihu bara a bar musu kamar taƙi ɗaya ko biyu. Na san zuciyar manomi ba ta son ganin itacensa kamar an yi masa ƙwal-kwabo, wani dattijo a wajen Gatawa ma ya ce ba za a taɓa nasa ba yana raye. Ya sami itace mai kyaun gani, maƙwabcinsa da ya yi aski ya sami 'ya'ya.

Babban abokin gaba shi ne wani ɗan ƙuda da ke huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai, tsutsa ta girma a ciki, ɗan ya faɗo. Tsutsar takan shiga ƙasa a gindin itacen ta jira baɗi. A riƙa tsince duk abin da ya faɗo a binne cikin rami mai zurfi, da bazara kuma a kafce gindin don rana ta kashe na cikin ƙasa. Kada a sayi maganin feshi a kasuwa a fesa wa abin da yara za su ci ba da shawarar malamin gona ba.

Itacen da aka aurar a kan tsohon gindi yakan ba da ɗan abin taɓawa tun shekarar farko ko ta biyu. A tsinka sa'ad da kore ya fara juyawa rawaya. Ba ta ajiyuwa kamar busasshiyar magaryar daji, kwana kaɗan take yi, saboda haka a daidaita tsinka da ranar kasuwa. Tana nuna da sanyi, bayan an gama kaka, kafin mangwaro ya shigo. A shekarun nan da zuwa gona mai nisa ya zama abin fargaba a ƙasar Gobir, gindi biyar a bayan gida ko a bakin gari, inda mata da yara za su iya lura da su, ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin wannan wata kaɗan ne. Magarya na da 'ya'ya yanzu, kowa ya zaga ya ga gindin da ke da lafiya kusa da gida, ya ɗaura masa tsumma don kada masu sassabe su sare shi. Wanda ke da 'yan'uwa wajen Maradi ko Madawa ya fara tambaya tun yanzu ko akwai mai Gola kusa da su da zai ba shi reshe da damina.