Yaye da Tamowa: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Kowane hakimi ya san lokacin da a ke yawan rashin ƙananan yara a ƙasarsa. Lokacin nan shi ne tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa, aiki kuma ya sha kan iyaye. In an bincika, a kan tarar da yawa daga cikin yaran nan 'yan tsakanin wata shida ne da shekara uku, watau waɗanda a ke shirin yayewa, da waɗanda ba a daɗe da yayewa ba. A kan ce zazzaɓi ne ya ɗauke su, ko gudawa, ko ƙyanda. Gaskiya ne, amma sau da yawa akwai wata cuta da ta riga ta karya ƙarfin yaron tun kafin waɗannan su same shi, ita ce tamowa.

1. Kamannin tamowa

Tamowa cuta ce ta rashin isasshen abinci mai gina jiki. Ba maita ba ce, ba kuwa aikin iska ba ne. Kamanninta uku ne. Na fari, yaro ya rame ƙwarai, haƙarƙarinsa su fito, fuskarsa ta koma kamar ta tsoho. Na biyu, ƙafafunsa da fuskarsa su kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa, ya ƙi abinci, ya ƙi wasa. Wannan ya fi ruɗin iyaye, gama su kan ɗauki kumburin ƙiba ce. Na uku, yaro ya tsumbure, tsawonsa bai kai na tsararrakinsa ba. Wannan ba ya kwantar da yaro, saboda haka ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa yana rage masa kaifin fahimta in ya shiga makaranta.

2. Yadda aka gane ta

Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ita ce ta bayyana tamowa mai kumburi a 1933. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ankara su ke kiranta, watau kwashiyoko, ma'anarsa cutar da ta ke kama yaro in an yi masa ƙane. Ta nuna yaran nan kunun masara tsura a ke ba su, in kuwa aka ba su madara da wuri, su kan farfaɗo.

Bayan wannan, daga ƙarshen shekarun 1950, wani likita mai suna David Morley ya yi aiki a Imesi-Ile, cikin ƙasar Yarabawa. Shi ya yaɗa dabarar auna nauyin yaro wata-wata ana rubutawa a kati. Amfanin katin shi ne, in nauyin yaro ya tsaya, za a gani tun bai kwanta ba.

3. Inda hatsari ya ke shigowa

Ƙofofin hatsari huɗu ne. Ta fari, zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A wurare da yawa a kan tatse shi a zubar, ana cewa bai da kyau. Kuskure ne babba, gama shi ne rigakafin farko na jariri. Kamata ya yi a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa.

Ta biyu, ba jariri ruwa ko jiƙo kafin ya cika wata shida. Nonon uwa ya ishe shi ci da sha har wata shida, ko da ana tsananin zafin bazara. Ruwan da a ke ɗura masa cika masa ciki ya ke yi ya rage shan nono, in kuma ba shi da tsabta ya kawo gudawa.

Ta uku, dogara ga tsinkakken kunu bayan wata shida. Cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da ruwan kunu, babu sauran wurin abin da zai gina shi.

Ta huɗu, yaye na rana ɗaya. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa gaba ɗaya, sai ya yi ta kuka ya ƙi abinci. Abin ya fi muni in an yi kwanika, domin a kan cire yaro daga nono da gaggawa, ana tsammani nonon mai ciki guba ne. Ba haka ba ne. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, muddin ita kanta tana samun abinci isasshe. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, likitoci kuma a kan haka su ke. Yaye mai kyau shi ne na sannu a hankali, bayan yaro ya saba da abincin gida.

4. Abincin da ya kamata

Ba sai an sayo abin gwangwani ba, maganin yana cikin rumbu da bayan gida. A dama kunun gero ko na dawa da kauri, yadda ba zai zube daga cokali ba, a zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, ko garin waken suya, ko nono, da ɗan mai. A riƙa ba yaro dafaffen wake, da ƙwai, da hanta, da kifin da aka cire wa ƙaya, da zogale, da kabewa, da gwanda. Zancen da a ke yi, wai ƙwai yana sa yaro sata, ba shi da tushe.

Ɗan wata shida zuwa takwas a ba shi abinci sau biyu ko uku a yini, ban da nono. Daga wata tara zuwa shekara biyu a ba shi sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa nasa a kwanonsa dabam, wani babba ya zauna da shi, gama in an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sid'e. Mai ba shi abinci ta wanke hannu da sabulu. In ya yi ciwo kada a daina ba shi nono da abinci. In gudawa ce, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14.

5. Magana da wasa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta yin saurin girma irin wanda ta ke yi cikin kwana 1,000 na farko, watau daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Abinci kaɗai bai ishe ta ba, tana bukatar a yi wa yaro magana, a amsa masa in ya yi gwaranci, a yi masa tawai da waƙa da tatsuniya, a bar shi ya yi rarrafe ya taɓa abubuwa. Kunyar ɗan fari al'ada ce sananniya, amma kada ta kai ga hana uwa lura da cin ɗanta da lafiyarsa. Inda kunya ta yi nauyi, sai kaka ko gwaggo ta tsaya wa yaron sosai. Uba kuma yana da nasa rabo, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

6. Awo da magani

Akwai wani ɗan zare mai launi uku da a ke auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. In awo ya kai santimita 12.5, ya shiga kore, lafiya ke nan. Tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa ne, gargaɗi ke nan. Ƙasa da 11.5 ja ne, sai asibiti a ranar. Haka kuma in an danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, aka ɗaga, gurbin ya zauna, shi ma sai asibiti.

Tamowa tana warkewa. Akwai abincin magani na ƙunshi wanda a ke haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai. A 2005, lokacin yunwar ƙasar Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, galibinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu kuwa a gidajen iyayensu suka sha shi. Abincin nan na majinyaci ne shi kaɗai. Wanda ya raba wa sauran yara, ko ya kai kasuwa, ran yaro ya sayar.

7. Abin da a ke bukata ga hakimi da malaminsa

(a) Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su kawo labarin kowace haihuwa kafin ranar suna, malami ya rubuta sunan yaro, da na ubansa, da unguwa, da ranar haihuwa, a kuma yi masa rajista.

(b) Malami ya riƙa duba littafin nan wata-wata, ya fitar da sunayen waɗanda lokacin rigakafinsu ya yi: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15.

(c) Kafin damina ta yi nisa, hakimi ya shirya da ma'aikatan lafiya a auna damtsen yaran kowane ƙauye, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin damina inda a ke rabawa.

(d) Ya tara limamai da ungozomai da wanzamai ya karanta musu darasin nan, gama su ne a ke jin maganarsu a cikin gida.

(e) Ya ja kunnen magidanta su ware gyaɗa da wake na yara tun a kaka, kafin a kai saura kasuwa, kada kuma su hana mata kai yaro asibiti.

(f) In ya ji ana sayar da abincin magani a kasuwarsa, ya hana, ya kuma sanar da hukumar lafiya.

Tambayoyi domin bita: Yara nawa aka haifa a gundumar bara? Nawa ne cikinsu suka sami allurar ƙyanda? A wane ƙauye aka fi samun awon ja, me kuma aka yi a kai? Ana roƙon kowane malamin hakimi ya shirya amsoshin nan a rubuce, ya ajiye su kusa, domin a duba su ranar da hakimi zai zauna da dagatansa.