Kafin a Ce Sabis Ya Ɗauke, a Duba Lambar Kwamfuta

Sana'ata haɗa kwamfutoci a ofisoshi da gyara su. Yawancin kiran da nake samu daga makarantu, ƙananan asibitoci da shagunan buga takardu na Mandawari da kewayenta, magana ɗaya ce: "Malam, sabis ya ɗauke." Sau da yawa kuwa sabis na nan garau, data ma ba ta ƙare ba. Kwamfutar ce ba ta samu adireshi ba. Abin yana ci mini rai, domin na ga inda aka sake sayen data a banza, na ga inda aka goge kwamfuta kaf har sakamakon jarrabawar ɗalibai ya salwanta, alhali gyaran bai wuce na minti goma ba.

Duk na'urar da ta shiga layin ofis sai an ba ta lamba tata ita kaɗai, wato adireshinta, kamar yadda ake ba majinyaci kati a asibiti kafin ya ga likita. Tsarin da ke wannan rabo sunansa DHCP, an fitar da ƙa'idarsa tun 1993, kuma a ƙananan ofisoshinmu rauta, na'urar da ke raba intanet, ita ce ke yin aikin. Kwamfuta ta yi cigiya, rauta ta yi mata tayin lamba, ta ce tana so, a tabbatar mata. Lambar aro ce ta ɗan lokaci, wata rautar awa 2, wata awa 24.

Ga abin da nake so kowane sakatare ya iya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, sannan ipconfig. In ka ga lamba mai farawa da 192.168, galibi an ba ta adireshi. In ka ga 169.254, to ta yi cigiya ba wanda ya amsa, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Kamfanin sadarwa ba shi da laifi a nan. Matsalar tana cikin ginin.

Fara da wuta. Idan aka ɗauke aka tayar da janareto, wani lokaci kwamfuta kan riga rauta tashi. Jira fitilun rauta su daidaita, ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Sai kebul: a tsofaffin gidajen cikin birni da aka mayar ofis, ɓera da ƙurar hunturu ba sa ƙyale waya. Leƙa bayan kwamfutar. In ƙaramar fitilar da ke bakin kebul ba ta ƙyalli, canza wayar.

Matsalar da ta fi wahalar da mutane ita ce rauta ta biyu. Katangar ƙasa mai kauri tana tare sigina, sai wani ya sayo wata rautar don ɗakin shugaba ya soka ta a layi yadda ta fito daga kwali. Yanzu masu rabon lamba sun zama biyu, kowacce na amsa cigiya. Kwamfutar da ta karɓi tayin sabuwar za ta nuna 192.168 tsaf, amma ba intanet, ba firinta. A wata makaranta kusa da Sabon Titi na tarar da irinta a bayan kabad, an lulluɓe ta da tsohuwar kalanda. Rabin ɗakin kwamfuta na aiki, rabi na zaune shiru, gobe kuma su yi musanya. Kashe DHCP ɗinta kawai muka yi, aka bar mata aikin ƙara sigina.

Akwai kuma ƙarewar lambobi. Wasu rautocin 100 kawai suke rabawa, ga kalmar sirrin shiga layin ta zaga unguwa, ga wayoyin zamani, tun daga Android 10, kan shigo da wata shaida daban, har wayar da aka sani ta zama baƙuwa. Canza kalmar sirri, rage tsawon aro, a ware wa baƙi layinsu.

Ina roƙon abokan sana'ata su daina rubuta wa kwamfuta lamba da hannu don a rabu da maigida da wuri. Ranar da rauta ta ba wata na'ura wannan lambar, biyun za su riƙa yankewa. In firinta ce take buƙatar tsayayyiyar lamba, a keɓe mata a cikin rautar, a rubuta a takarda, a manna a jikinta.